Me Ka Fito Nema a Kasuwa?

Kaduna gari ne da albashi ya raina. Tun da Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta bakin kogin Kaduna a 1917, abin da ke tara mutane a nan bai wuce aikin gwamnati da na soja da na reluwe ba. Daga baya masaƙu suka shigo. Gwamnatin Sardauna ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila aka kafa Kaduna Textiles a Kakuri, ta fara saƙa a 1957, wasu masaƙun suka biyo sahu, sannan ga kamfanin haɗa Peugeot, ga matatar mai. Wanda ya tashi a Unguwar Shanu ko Kawo ko Tudun Wada a waɗancan shekaru ya san yadda wata ke juya gari. Da an ce yau 25 ga wata, fuskoki sun saki, mahauci ya ƙara yanka, mai tireda ya jawo littafin bashi ya kaɗe masa ƙura. Kafin tsakiyar wata na gaba kowa ya koma ƙirga kwanaki.

Wannan tarihin ne ya raba mu da Kano, kuma rabuwar ba ƙarama ba ce. Yaron da aka haifa a gidan 'yan Kwari ko 'yan Kurmi ba ya zama ya tambayi kansa me zai sa ya yi kasuwanci. A gida ya tarar da amsar. Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, ɗan fatake ne jikan fatake. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja kafin ya shiga sayen gyaɗa, 'ya'ya da jikoki suka ɗora daga inda ya tsaya, har abin ya kai ga tattaɓa-kunnensa Aliko Dangote. Mu kuwa a Kaduna, da yawanmu 'ya'yan akawu ne da malaman makaranta da kurata da ma'aikatan masaƙa. Abin da muka gada shi ne ka yi karatu, ka nemi aiki, ka jira ƙarshen wata.

Sai igiyar albashin ta fara tsinkewa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi ta a 2007, dubban magidanta suka wayi gari ba inda za su. A farkon 2018 gwamnatin jiha ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar da aka yi musu. A 2021 wata sallamar ma'aikatan ta kawo yajin aikin ƙungiyar ƙwadago ta NLC da ya tsayar da gari cik a watan Mayu. Duk shekara kuma Kadpoly da Jami'ar Jihar Kaduna suna yaye matasan da babu kujerar da ke jiransu a kowane ofis. Duk wannan jama'a kasuwa suka nufa. Ba a nan kaɗai ba ne: binciken da hukumar SMEDAN da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka fitar ya nuna ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Nijeriya sun kusa miliyan 40, kuma kusan dukkansu na mutum ɗaya ne ko shi da yaro ɗaya ko biyu.

Tsaya ka tambayi mai sabon shago a Badarawa ko Hayin Banki me ya sa ya buɗe. Amsar da za ka ji ba ta wuce biyu ba: "Don kada a zauna haka nan," ko "A dai samu na cefane." Ban raina waɗannan amsoshi ba. Zaman banza masifa ne, ciyar da iyali kuma ibada ce. Amma a ganina nan ne ciwon yake. Mutum ya faɗi abin da ya gudo daga gare shi, bai faɗi abin da ya fito nema ba. Kuma shagon da aka buɗe a kan gudu, duk wanda ya zo da buƙata shi zai juya shi.

Mu ɗauki ma'aikacin da ya yi ritaya, irin wanda kowace unguwa ke da shi. Garatuti ya fito bayan dogon jira. Ya fasa katangar gidansa ta bakin titi, ya fitar da ɗaki guda, kafinta ya buga kanta, aka je Kasuwar Shehu Gumi aka saro shinkafa da taliya da man gyaɗa da sabulu da madara. Makon farko maƙwabta suna ta shigowa da Allah ya sanya alheri. Mako na uku wata yarinya ta leƙo.

"Baba, in ji Mama a ba ta mudun shinkafa da magi na ɗari biyu, in Abba ya dawo za a kawo."

Ya zai yi? Shekara ashirin suna sahu ɗaya da uban yarinyar a masallaci. Ya auna ya ba ta, bai rubuta ba, don rubutawa a gabanta kamar cin fuska ne. Da la'asar uwargida ta aiko a ɗebo taliya da mai, ai shagon gida ne. Ɗan ƙanensa da ya gama sakandare ba aikin yi aka ce ya riƙa zama a shagon, ba albashi, ba lissafi, saboda haka shi ma yana sallamar kansa daga aljihun tebur. Aka zo ɗaurin auren 'yar aminin Baba, gudummawa daga nan ta fita. Bayan wata takwas kanta ta fara nuna katako. Baba ya ce kasuwa ce ba ta tafiya, wani ya ce baki ne, wani ya ce a nemi taimako wajen malamai.

Ba baki ba ne. Shago ɗaya aka ɗora wa aiki huɗu: ya ciyar da gida, ya rufa wa maƙwabta asiri, ya zama makarantar ɗan ƙane, ya kuma tsare mutuncin Baba a idon tsararsa, kada a ce tun da ya bar aiki ya zauna. Kowanne a cikinsu abin kirki ne. Sai dai jarin bai kai ya ɗauki biyu ba, balle huɗu, kuma Baba bai taɓa zama ya zaɓi wanne ne gaba ba. Da tun farko ya ce wa kansa, shagon nan don kuɗin makarantar yara uku na buɗe shi, da ya san abin da zai gaya wa yarinyar, ko aƙalla ya san mudun nan sadaka ce ya fitar daga aljihunsa ya mayar wa shago kuɗinsa. Da uwargida ta san taliyar da ta ɗauka littafin ɗaya daga yaran ta ɗauka.

Abin da nake nufi da manufa ke nan, ba wani kirari da ake rubutawa a allon shago ba. Manufa ita ce abin da ke ba ka bakin cewa a'a. Ita ke gaya maka wa za ka ba bashi, nawa za ka taɓa a rana, ko ribar bana ta tafi ƙarin kaya ko ta tafi rufin ɗaki, da kuma ranar da ya kamata ka rufe ka kama wani abu. Wanda ba shi da ita, maƙwabcinsa yake kallo.

Kallon maƙwabci kuwa mun ga inda ya kai mu. An yi yayin ruwan leda, an yi na kiwon kaji a bayan gida. Da gwamnati ta hana acaɓa a cikin gari a 2014, duk mai 'yan kuɗi ya sayi Keke ya ba yaro yana kawo masa balas. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin balas ɗin ya rikice, masu Keke da direbobinsu suka shiga rigimar da har yau wasu ba su fita ba. A farkon waccan shekarar ta 2023, lokacin canjin kuɗi, masu POS suka ga ranar da ba su taɓa mafarki ba, mutane na layi suna sayen naira da naira. Kafin a ankara kowa ya nemi na'ura da lema da kujerar roba. Yau bi titin Kawo zuwa Unguwar Dosa ka ƙirga lemomin. Wani wurin suna jin hirar juna. Ba sana'ar ce ke da laifi ba. Akwai wanda ya shiga POS da lissafinsa: zan yi shekara biyu, in tara kuɗin injin ɗinki, in koma ɗinkin da na koya. Shi wannan ko cajin ya faɗi bai ruɗe ba, don ya san gada ce yake takawa. Wanda ya shiga don ya ga wane ya sayi babur, shi ne ke zaune ƙarƙashin lema yana latsa waya yana jiran wani yayin.

In kana son ganin mutanen da suka san abin da suka fito yi, shiga tsohuwar Panteka, nan kusa da Kadpoly. Ƙarar guduma da walda ba za ta bar ka ka ji sallamar kowa ba. A can ciki akwai masu zubin tukwane. Ana tara gwangwanayen lemo da tsoffin kayan inji na sanholo a zuba a kasko bisa gawayi, yaro yana juya ƙafar keke tana hura wutar. Maigidan yana durƙushe gaban akwatin katako, yana danna yashi mai danshi kewaye da tsohuwar tukunya, da dunƙulen hannu, da ɗan guntun itace, har sai ya daddale. Ya zare tukunyar a hankali, siffarta ta zauna a cikin yashin. Sai a ɗauko narkakken ƙarfen yana ƙyalli a tsiyaya ta wata 'yar kafa. Ba a daɗe ba a farfasa yashin, sabuwar tukunya ta fito da kaushinta, wani yaron ya karɓa ya bi ta da magagari. In yashin ya cika ruwa tukunya ta yi ƙuraje, in ya bushe ya rufta, kuma ba ma'auni sai tafin hannu.

Irin waɗannan iyayen gida, in hira ta yi hira, ba kasafai suke fara lissafa maka ribar wata ba. Yaran da suka yaye suke lissafawa: wane yana Mando da rumfarsa, wane ya koma garinsu ya buɗe tasa, wane har ya yi aure ya ɗauki nasa yaran. Wannan ita ce manufarsu, ko ba su taɓa kiranta da wannan suna ba, kuma tana bayyana a yadda suke yanke shawara. Shi ya sa maigida zai haƙura da tukunya uku da sabon yaro ya ɓata, abin da ɗan kasuwar da riba kaɗai ta kawo shi ba zai jure ba. Shi ya sa kuma ba ya barin zubi ya koma sayar da kayan waya don an ce can ake samu. Ba mamaki da Kadpoly da hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha suka waiwayi masu sana'ar Panteka a 'yan shekarun nan da maganar horo da takardar shaidar ƙwarewa. Sun tarar da makaranta ce da ta daɗe tana yaye ɗalibai ba tare da allo ba.

Ba ina cewa manufar kowa ta zama irin tasu ba ce. Wani abin da yake so shi ne ya mallaki lokacinsa, ya kai yara makaranta da kansa, ya samu zuwa karatu tsakanin magariba da isha. Wannan in ya ƙi buɗe reshe na biyu ba ragwanci ba ne, lissafinsa ne ya fita. Wani so yake ya gina abin da zai rayu bayansa, to shi dole ya yi rajista, ya raba asusun kamfani da na aljihu, ya jawo 'ya'yansa ciki tun yana da ƙarfi, ya kuma yarda a ce masa marowaci na wasu shekaru. Matsalar ita ce mutum ya riƙe burin na biyu da halin na farko, ko ya ce na farko yake so alhali ganin motar na biyu na hana shi barci.

Shekarar 2020 ta gwada mutane da yawa a wannan gari. A watan Maris aka rushe Kasuwar Barci don sake gina ta, kasuwar da ta yi suna da 'yan gwanjo da teloli da masu yadi. Cikin wannan watan kuma dokar kulle ta korona ta sauka, aka shafe sama da wata biyu ana zaune a gida. Ba wanda zai raina irin asarar da aka tafka, kuma wanda ya karye a wannan shekarar ba a ce masa ya gaza ba. Amma akwai abin da na lura da shi a tsakanin teloli. Wanda ya ɗauki rumfa a matsayin sana'arsa, da rumfar ta tafi shi ma ya zauna. Wanda ya san cewa abin da yake da shi shi ne hannunsa da matan da suka yarda da yankansa, ya ɗora keken ɗinki a kan Keke ya kai zauren gida, ya bi lambobin waya ɗaya bayan ɗaya: "Hajiya, muna nan, mun dawo gida ne kawai, a aiko da ɗinkin sallah." Jarinsu ɗaya, masifar da ta same su ɗaya. Abin da kowanne ya ɗauka yana yi ne ya bambanta.

Wani zai ce wannan duk maganar ƙoshi ce, mai jin yunwa ina ya ga lokacin zaman tunanin manufa. Na ji, amma a duba da kyau. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar a Rigasa, take tashi kafin asuba ta markaɗa wake, ba ta buƙatar kowa ya koya mata wannan darasi. Ta san mudu nawa za ta jiƙa, ta san kuɗin mai da na itace, ta san abin da zai shiga adashi ba ya taɓuwa ko da wa ya zo, don zubin nan shi ne kuɗin haya. Je ka nemi ƙosai bashi ka gani. Masu ruɗewar su ne mu masu takardu da ɗan kauri a aljihu, waɗanda jarinmu ya isa ya ɓoye mana ɓarnarmu na shekara guda.

Mu ne kuma kasuwar masu tarukan ƙarfafa gwiwa, waɗanda ke cika Facebook da TikTok da cewa aikin albashi bauta ne, kowa ya zama maigidan kansa. Ba su faɗa wa yaro cewa mai shago iyayen gidansa sun fi na ma'aikaci yawa: mai gidan haya, mai karɓar haraji, mai kawo kaya, mai wuta, da kowane mai saye da ya shigo da ɓacin ransa. Haka nan rabon kayan tallafi da 'yan siyasa ke yi. A tara matasa a ba su kekunan ɗinki da injinan markaɗe, ba wanda ya tambaye su ko suna so, kafin a naɗe tabarmin taro dillalai na jira a bakin ƙofa. Ana zagin yaran da rashin godiya. Ni ban ga abin mamaki ba. An ba mutum amsar tambayar da bai yi ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, mu da addininmu ya fi kowa nanata wannan magana mu ne muka fi sakaci da ita. Hadisin farko da yaro ke haddacewa a Arba'una a Islamiyya a kan niyya yake. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Zakkar dukiyar kasuwanci, ɗaya bisa arba'in in ta kai nisabi shekara ta zagayo, ba ta fita sai mutum ya zauna ya ƙiyasta kayan da ke kanta da kuɗin da ke hannu da bashin da yake sa ran karɓa. Wato ko ba don banki ko hukumar haraji ba, an wajabta wa ɗan kasuwa Musulmi ya san uwar kuɗinsa daga ribarsa. Amma ka ce wa wani ya riƙe littafi, sai ya ce maka arziki na Allah ne, lissafi yana kore albarka. Arziki na Allah ne, babu ja. Sai dai sau da yawa ba tawakkali ke hana buɗe littafin ba, tsoron abin da za a gani a ciki ne.

Akwai kuma amsar da ba a son ji. Wani in ya zauna ya yi wa kansa tambayar da gaske, zai gano ba kasuwanci yake so ba. So yake kuɗinsa kada su narke, ya riƙa samun ɗan abin da zai haɗa da fansho. Wannan buƙata ce ta halal, amma ba sai ya fasa katanga ba. Ba kowa ke da jimirin zaman shago daga safe zuwa dare ba, ba kowa ke iya kallon idon ɗan'uwa ya ce babu ba, kuma mutumin da ya shekara talatin da biyar ana kawo masa fayil yana sa hannu, ba a dare ɗaya zai koyi taya kaya a Bakin Dogo ba.

Magabata sun tanadi hanya ga irinsa, ita ce ƙiradi, kuma babinta na nan a littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu. Mai dukiya ya ba da jari, mai ƙwarewa ya juya, a yanka rabon riba tun farko, rabi da rabi ko yadda aka daidaita, kaso daga abin da aka samu, ba wani adadi tsayayye duk wata ba. In aka yi asarar da ba ta sakaci ko ha'inci ba, a kan dukiya take, shi kuma mai juyawa wahalarsa ta tafi a banza. Da irin wannan fatake suka yi ta kai kaya Gwanja da kuɗin mutanen da ba su taɓa barin Kano ba. A Kaduna ta yau ga tsofaffin ma'aikata da garatuti a hannu ba su san kasuwa ba, ga yaran shago a Kasuwar Shehu Gumi da Panteka da suka shekara goma suna koyo ba su da jari. Abin da ke tsakaninsu amana ce, kuma kowa na da labarin wanda aka cinye wa kuɗi. Galibin waɗannan labaran, in ka bi diddigi, za ka tarar da baki aka yi maganar, a cikin mota ko a ƙofar masallaci, ba takarda, ba shaidu, ba a ma faɗi ranar da za a zauna a yi lissafi ba.